Maɓoya Mai Aska Biyu

Ban taɓa mantawa da ranar da na kafa maɓoyata ta farko a gandun daji ba. Ko da na so in manta, akwai mutum uku da ba za su bar ni ba. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Na ukun yana nan da ransa, ya zama farfesa har ya ajiye aiki, kuma duk sallar da na je gaishe shi sai ya sa jikokinsa sun zauna ya ba su labarin a gabana. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku da hannuna, ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, kafin ku ji shi daga bakin da zai ƙara masa gishiri.

A tsakiyar shekarun tamanin aka ɗauke ni aiki a sashen nazarin dabbobi na jami'a, a matsayin mataimakin mai ɗaukar hoto. Kafin nan shekara shida na yi a wani shagon hoto kusa da kasuwar cikin birnin Zariya, ina ɗaukar angwaye da mahajjata da ɗalibai masu neman hoton fasfo. Karatun boko nawa bai yi nisa ba. Abin da na ƙoshi da shi karatun allo ne da na littattafai a zauren mahaifina a Ƙofar Galadima, kuma har yau in ina son tunanina ya zauna daidai, da ajami nake rubutu. A shago ni ne mai ba da umarni. In na ce wa mutum ya ɗaga haɓa sai ya ɗaga, ko da kuwa alƙali ne. Da wannan hali na shiga aikin jami'a.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, sabon ma'aikaci a wancan lokaci yakan yi shekara biyu a matsayin gwaji. In sun cika, shugaban sashe zai rubuta wa ofishin ma'aikata cewa a tabbatar da shi ko a sallame shi. Shi kuma shugaban ba ya rubutawa sai ya ga rahoton malamin da ma'aikacin ya bi zuwa aikin daji. Ni shekarata biyu ta kusa cika ban taɓa fita daji ba, kullum ina ɗakin wanke hoto ina wanke na wasu. Saboda haka da Dakta Yohanna, malamin da ke nazarin tsuntsaye, ya kira ni ofishinsa ya ce zan bi shi gandun daji cikin watan Agusta, na san takardata ce za mu je rubutawa.

Abin da yake so ɗaya ne. An ba shi labarin gauraka biyu, mace da namiji, sun yi sheƙa a wata fadama cikin gandun, yana son hoto mai kala da zai nuna tsuntsun a kan sheƙar da ƙwai a fili. Hukumar gandun ta ba mu izinin kwana tara. Ya ce gauraka ba ta yarda da mutum, don haka sai an yi maɓoya, wato ɗan ƙaramin tanti mai kusurwa huɗu da ake naɗewa a ɗauka, mai hoto ya zauna ciki, gilashin kyamara kaɗai ke leƙowa ta wata ƙofa. Ta sashen ta ruɓe a sito. Ya zana mini a takarda, ya rubuta awo, ya ce in sami yadin kaki mara haske in kai wa kowane tela.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka bar mini wannan. Mu a cikin birni ɗinki gadonmu ne."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Sidi, buhu nake so, mai ƙofa."

Na ji, amma na ɗauka tawali'u ne irin na masu ilimi.

Kuskuren farko nawa ne ni kaɗai. Da na koma gida na kwafe awon da ajami, sai na lura tsawon da Dakta ya rubuta bai wuce na mutum a zaune ba. Na ce ina mutum zai wuni a wuri bai miƙe ya yi salla ba? Na ƙara kamu biyu a tsaye. Na ƙara faɗi yadda goshi zai sami wurin sujada. Sannan na ɗauki takardar na nufi shagon Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyata, wanda manyan gari ke kai wa ɗinkin rigunan salla.

Kawu ya juya yadin kakin a hannunsa kamar an miƙa masa mushe. Ya tambaye ni wa zai ga wannan abu. Na ce Dakta ne na jami'a, da manyan gandun daji, wataƙila har Turawa masu yawon buɗe ido. Ya ce to ba da sunansa za a kai buhun gawayi gaban mutanen kirki ba. Ya ce akwai farin alawayyo mai kauri, a ɗinka da shi, a kai marina a rina shi baƙi wuluk, tunda duhu ake so, sannan a kai wa mabuga su daidaita shi. Ya ɗora yatsa a kan da'irar da aka zana ta gilashin kyamara ya tambaya mece ce. Na yi masa bayani.

Ya ce, "Ashe wuya ne. Kai, ɗan nan, ka taɓa ganin na bar wuya haka tsirara?"

A nan ya kamata in tuna da buhu mai ƙofa. Maimakon haka, ni da bakina na tambaye shi ko aska biyu za ta zauna a wurin. Aska biyu, ga wanda bai sani ba, aikin zare ne da ake yi wa babbar riga, tsini biyu masu saukowa daga wuya zuwa ƙirji. Kawu ya ce za ta zauna, kuma da farin zare zai yi don ta fito. Mako uku ya yi yana aikin da hannunsa. Ranar da na karɓa, yadin yana ƙyalli kamar rawanin ango, shuni yana kama yatsa. Na naɗe shi a takarda na ɗaure. Duk lokacin da Dakta ya tambaya ko an gama, sai in ce an gama, sai dai ya gani da idonsa. So nake in ba shi mamaki, kuma Allah Ya cika mini wannan buri fiye da yadda na roƙa.

Wuni guda muka yi a motar ofis kafin mu isa. A sansanin gandun aka haɗa mu da mai gadin dajin da zai riƙa raka mu, Baba Gambo, wani siririn dattijo wanda ya yi shekaru yana farauta kafin hukuma ta ga gara ta ba shi kaki ya tsare abin da yake harbi a da. Ba ya yawan magana. Washegari da hantsi ya kai mu fadamar. Daga nesa ya nuna mana wani tarin ciyawa a tsakiyar ruwa, ga kai mai tukku ruwan zinariya ya leƙo sama. Akwai wani tudu busasshe a arewa da sheƙar, kamar taku ashirin, nan Dakta ya ce maɓoya za ta tsaya a ƙarshe. Ya ce in kafa ta tukuna can baya, ya ga yadda take, shi zai zagaya ya duba zurfin ruwan.

Ni kuwa na ga ba dalilin yin aiki sau biyu. Na sa kai na wuce har tudun, Baba Gambo yana bina da sandunan gora. Na kafa sandunan, na warware takarda, na baza yadin. Rana ta fito daga cikin gajimare daidai lokacin, ta daki shunin nan. Ban san abu yana iya haske haka ba. Gaurakar da ke kan ƙwai ta miƙe, ta yi wani kuka mai kama da kakaki, ta tashi. Ta biyun ta bi ta. Bayansu dinya da kirinjijiya da zalɓe da duk wani mai fiffike a fadamar suka tashi gaba ɗaya, har wasu gwaggon biri da ke kan bishiya suka sauko suka bar unguwar. Na tsaya ni kaɗai kusa da gini mai aska biyu, ina jiran yabo.

Dakta ya iso wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya zagaya maɓoyar sau ɗaya, ya tsaya a gaban aikin zaren ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Malam Sidi, wa za a naɗa?"

Baba Gambo ya shafa yadin, ya duba yatsunsa da suka yi shuɗi, ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin masallacin tafi-da-gidanka ba sai yau. Dakta bai yi dariya ba. Ya ce a sauke ta yanzu, domin duk mintin da tsuntsun ya yi ba ya kan ƙwai, ƙwan ne ke sanyi, kuma in suka yi fushi suka bar sheƙar, ba hoto kaɗai muka rasa ba, mun kashe 'ya'yan da muka zo nazari. Ya ƙara da cewa in haka ta faru, zai rubuta abin da ya gani, ba zai rage ba. A guje muka kwashe. Sai da aka yi fiye da awa ɗaya kafin gauraka ta koma, ni kuwa ina laɓe bayan wata kirya ina karanta duk addu'ar da na sani.

Da muka koma sansani na ce a nemo wani yadin. Ba inda za a samu, gari mafi kusa tafiyar rabin wuni ne, ga hanya ta lalace da ruwa. Baba Gambo ya ce a ba shi wannan ɗin. Ya kai shi bakin rafi, ya tsoma, ya hau da ƙafa yana tattakawa kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Ina tsaye ina kallon aikin mabuga yana bin ruwa. Ya kwaɓa laka da toka da wani abu da ya ɗebo a kwando, ya miƙo mini ya ce in shafa da hannuna, tunda ni na san inda ya fi ƙyalli. Na tambaye shi mene ne na cikin kwandon. Ya ce kashi ne. Na ce na wace dabba, domin ni a ciki zan yi salla. Ya ce na ɓauna. Na yi lissafi a raina cewa ɓauna ana cin namanta, don haka kashinta ba najasa ba ne a mazhabarmu, na yi bisimilla na shafa. Aska biyun na bari ƙarshe. Da na kasa, Baba ya karɓa ya dame ta da laka, sannan ya tsinko ciyawa ya riƙa cusawa cikin zaren. Ya ce ko ba komai telan ya iya aiki, ɗinkin yana riƙe ciyawa da kyau.

Daga nan aka bi tsarin da ya kamata a bi tun farko, wanda nake so ku riƙe. Ba a kai wa tsuntsu maɓoya gabansa rana ɗaya. Ana kafa ta can nesa, babu kowa ciki, a sa gindin kwalba a ƙofar don ya saba da ƙyallin gilashi. Kowace rana a matso da ita kaɗan, cikin sauri, a bar wurin. In tsuntsun ya koma sheƙa ba da jinkiri ba, gobe a ƙara matsowa. In ya yi gardama a mayar da ita baya. Tawa da yake ta yi biyun ta kowa a girma, sau biyu ana mayar da ita baya. Kwana shida wannan ya ci. A cikin kwanakin, don kada a ce ina zaman banza, na ƙarar da fim ɗaya cikin biyun da aka ba mu, har na shiga na biyun, a kan gwaggon biri da gadu da Baba Gambo riƙe da bindiga. Shi ma sai da na ce ya ɗaga haɓa. Da Dakta ya duba kyamara ya ga saura hoto tara, sai ya rubuta wani abu a littafinsa. Na fi son a zage ni da wannan rubutun.

Rana ta takwas na fara shiga. A nan ma akwai dabara. Mutum biyu ke zuwa tare, su shiga, ɗaya ya fito ya tafi a fili yana kaɗa hannu. Tsuntsun ya ga an zo, ya ga an tafi, hankalinsa ya kwanta. Baba ya raka ni, ya ɗaure ƙofa ta baya, ya tafi. Dakta ya ba ni agogo da umarnin in rubuta lokacin duk abin da tsuntsayen suka yi, kuma ya ce awa biyu kawai, in ba su dawo ba a fito da ni.

Ba su dawo ba. Sun sauka can gefen fadama suna kiwo, suna ɗaga kai suna duban wajena. In sun yi dama sai in juya gilashin dama, in sun yi hagu in bi su, don kada su shammace ni. Da zaman ya ishe ni na ciro carbi. Sauro ya shiga hancina na yi atishawa, na kuma yi hamdala a bayyane kamar yadda aka koya mini. Da Baba ya zo fitar da ni ya ce tun daga gindin kirya yake ganin idon kyamarata yana yawo kamar na marar gaskiya a kasuwa, kuma carbina yana da amo. Ya ce, "Malam, kai fa ko a ɓoye so kake a san kana nan."

Na ji zafin maganar, don gaskiya ce. Da yamma Dakta ya kira ni gefe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce gobe ce ranar ƙarshe, zai ba ni awa biyu, ba don ni ba, don ba shi da wani mai hoton. In ba a samu ba zai rubuta cewa na iya wanke hoto, amma ban dace da daji ba, sashen kuma mai hoton daji yake nema. Na san ma'anar wannan. Na tuna ranar da na bar shago, yadda na yi sallama da maƙwabta ina cewa na tafi jami'a.

Rana ta tara aka wayi gari da ruwa, bai ɗauke ba sai wajen sha ɗaya. Dakta ya tafi ofishin gandun sa hannu a takardun fita, ya bar wa Baba umarni. Baba ba ya ɗaura agogo, ya ce in inuwar kiryar ta taɓa wani dutse da ya nuna, zai zo ya fitar da ni. Na yi alwala a sansani, na ƙi shan shayi, na bar carbi da goro a jaka. Sha biyu da kwata na shiga.

Na yi niyyar ba zan taɓa kyamara ba. Niyyar ta yi minti goma. Tsuntsayen suna can inda suka tsaya jiya, ni kuma hannuna yana kan mariƙi, ina ɗan bin su a hankali, ina gaya wa kaina cewa wannan ba motsi ba ne, gyara ne. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Ɗaya da rabi ta wuce. Zufa ta jiƙa ni, kashin ɓauna ya ji rana ya fara bayyana kansa. Wajen biyu saura kwata na leƙa ta ɗan ramin gefe na ga inuwar kirya ta kusa dutsen. A nan na sallama. Na ce aiki dai ya tafi, Allah Ya sa haka ne mafi alheri, amma tunda na ƙara wa ɗakin nan tsawo don salla, har ya jawo mini duk wannan, bari in yi azahar a cikinsa ko sau ɗaya. Na mayar da gilashin kan sheƙar, na ɗaure mariƙin, na juya gabas na tayar da kabbara a asirce. Da yake mun yi niyyar zaman fiye da kwana huɗu babu ƙasaru, raka'a huɗu ce cif.

Ina so in ce muku na yi sallar da natsuwa. Raka'ar farko dai na yi. Ina cikin karatu bayan haka sai na ji iskar fiffike ta wuce ta saman maɓoya, na ji ƙafa ta taɓa ruwa a damana, kusa ƙwarai. Sai wani ɗan gurnani a maƙogwaro, irin wanda kaza ke yi wa ƙwanta. Jikina yana fuskantar alƙibla, amma kunnena da zuciyata da duk abin da na mallaka sun koma kudu. Na yi ruku'u, na yi sujada, na ɗago, sai na tarar ban san ko raka'a ta biyu na gama ko ta uku ba. Ni da mahaifina ya sa na haddace babin rafkanuwa tun ban fara azumi ba.

Hukuncin a fili yake: mai shakka ya yi gini a kan mafi ƙaranci, ya cika, ya yi sujada biyu bayan sallama. Na ɗauka biyu na yi, na kawo sauran, ina ji kamar kowace raka'a wuni ce. Da na juya dama na yi sallama, idona ya faɗa daidai ramin leƙe. Ga gauraka tsaye a bakin sheƙa, tukkunta yana rawa a iska, farin kuncinta da ja a fili, wuyanta a miƙe tana kallon gilashin kyamarata. Ba ta hau ba tukuna.

Hannuna ya tashi da kansa. Na san sujadar ba'adi ana iya jinkirta ta, malamai sun yi sauƙi a nan, kuma Shaiɗan ya karanto mini wannan sauƙin da nassinsa, bai yi kuskuren wasali ko ɗaya ba. Abin da ya hana ni ba ilimi ba ne, kunya ce. Na ce yanzu na gama barin Ubangijina a tsaye na bi tsuntsu, in kuma sake ce masa Ya jira? Na mayar da hannun, na yi kabbara, na kai goshi ƙasa sau biyu, na yi tahiya, na sake sallama.

Da na leƙa, ta hau. Ta sunkuyar da kai tana juya ƙwai da baki, uku ne, ga su a fili, ta biyun kuma ta sauko tana tsaye a bayanta. Ban juya komai ba, gilashin yana inda na ɗaure shi. Na danna. Ta ɗaga kai, na ƙame, ta mayar. Na sake dannawa. Bakwai na ɗauka kafin ta kwanta a kansu ta rufe. Baba da ya ga sun sauka bai zo ba sai bayan la'asar. Da na ba shi labari a hanya ya ce da na taɓa kyamarar a sallamar farko, da ta tashi, domin a lokacin gwada ni take yi. Ya ce a kwana tara, minti goman nan ne kaɗai na bar tsuntsun ya huta da ni.

A sansani Dakta ya buɗe littafinsa ya ce in ba shi lokutan. Ya karɓi nawa, ya ga ajami, ya mayar mini ya ce in karanta. Na karanta lokacin shiga, na karanta lokacin hawa sheƙa. Ya ce saura lokacin da suka sauka, shi ne ya fi bukata. Na hau juya shafukan littafina. Ya sake tambaya. Na karanta masa abin da na rubuta, domin ban iya ƙarya a rubuce ba: "Sun sauka a raka'a ta biyu ko ta uku, Allah ne Masani."

Ya ajiye biro. Ya tambaya minti nawa raka'a take ci. Na ce ya danganta da surar da aka ja, da kuma ko akwai gauraka a kusa. A ranar na fara ganin haƙoran Dakta Yohanna.

Fim mai kala a lokacin sai an aika Legas, mako uku muka jira. Cikin bakwai ɗin, biyar sun yi rawa. Ɗaya ciyawar da Baba ya cusa a aska biyu ta gitta masa. Ɗaya ya fita: uwa a sunkuye, ƙwai uku, ɗayar a tsaye a baya kamar an ce mata ta ɗaga haɓa. Dakta ya rubuta rahotonsa, ya ba ni na karanta kafin ya kai. Bai rage komai ba, har rini da bugu suna ciki. A ƙasa ya ce yana ba da shawarar a tabbatar da ni, da sharaɗin kada a sake aikena wurin tela ni kaɗai. Takardar tabbatarwa ta fito kafin ƙarshen shekarar, na yi shekara ashirin da wani abu ina bin malamai daji.

Saura Kawu. Na so in ɓoye masa, amma ya aiko a kawo masa aikinsa ya ga yadda ya yi a tafiya. Da na baza yadin a shagonsa, laka ta bushe tana zuba, ciyawa tana leƙowa daga wuyan, ya bi shi da kallo daga sama har ƙasa. Sannan ya tambaya wa ya yi wannan. Na ce ni ne, da hannuna. Kwana goma in na gaishe shi sai ya amsa wa keken ɗinki. Da hoton ya iso na sa shi a firam na kai masa. Ya sa tabarau, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya duba sama da ƙasa, ya juya bayansa.

Ya ce, "To ina aikina a ciki?"

Na ce, "Kawu, ai ta cikin wuyan aka ɗauka. Ba ya fitowa."

Ya sake duban hoton, ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Shi ya sa ya yi kyau." Ya rataye shi a saman kekensa, yana nan har ya rasu, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce aikinsa ne.

Abin da na koya, ku da za ku gaje mu, bai da yawa. A shago an san mai hoto da muryarsa, a daji kuwa ana gane ya iya aiki ne in wurin ya zama kamar bai zo ba. Malamin da ya ce buhu yake so, buhun yake nufi. Mai gadin dajin da bai yi makaranta ba, ku bar shi ya taka muku yadi in ya ga dama, ya san abin da yake yi. Ku ɗaure kyamara a inda tsuntsu zai zo, ku cire hannu, ku bar shi ya zo don kansa. Ni sai da na fid da rai na ba sheƙar kafaɗa kafin in iya wannan, kuma ko a nan ban iya shi da kyau ba, tunda har yau in na tuna azahar ɗin nan sai na yi istigfari. Maɓoyar tana sito, a kan kantar sama, in bera bai gama da ita ba. Wanda zai fita daji da sabuwa ya je ya kankare lakar wuyanta ya duba tukuna, sannan ya tafi wurin tela.